Haƙuri a Kasuwa, Haƙuri a Fili: Labarin 'Yan Shikago Biyu



Sa'ad da aka ce in tsaya gabanku in yi magana a kan sana'a da zaman duniya bayan jami'a, sai da na yi jim, domin kuwa ni kaina ban taɓa karɓar albashi ba, ban ajiye iyali ba, ballantana in ce na ga jiya na ga yau. Saboda haka na ga ya fi mini sauƙi in aro rayuwar waɗansu mutane biyu waɗanda labarinsu sananne ne, in shimfiɗa ta a gabanku, mu duba tare mu ga ko akwai abin da za mu tsinta.

Kafin nan, bari in faɗa muku abin da ya sa na zaɓi wannan batu. Ina da kawu wanda ya yi wa gwamnati aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Da ya yi ritaya aka biya shi garatutinsa, sai wani saurayi mai daɗin baki ya zo masa da wata harka, ya ce duk abin da ya zuba za a riƙa ba shi riba mai tsoka kowane wata. Wata biyu ana biyansa, a na uku aka wayi gari ofishin a garƙame. Kawuna ba wawa ba ne, ya riƙe ofis, ya sa hannu a takardun kuɗin hukuma shekara da shekaru ba a taɓa samunsa da kuskure ba. Abin da ya rasa kawai shi ne mutumin kirki da zai zauna da shi ya ce, "Baba, kuɗi ba sa haihuwa haka." Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne, mu 'ya'yan gidan, har da mu da ke jami'a, babu ɗayanmu da ya iya ce masa kul, domin babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana yadda kuɗi ke aiki. Tun daga ranar nake tambayar kaina: wane ne ya kamata ya koya wa yaro wannan, kuma yaushe?

Sana'ar riƙon amana

Akwai sana'a sukutum wadda aikinta shi ne ba mutane shawara a kan dukiyarsu da juya musu ita. Mai wannan sana'a yakan dubi abin da mutum yake samu, da shekarunsa, da nauyin da ke kansa, da lokacin da zai bukaci kuɗinsa, sa'an nan ya nuna masa inda ya dace ya zuba su, ko hannun jari na kamfanoni, ko takardun lamuni, watau takardun da gwamnati ko kamfani ke sayarwa idan suna neman rance. Waɗansunsu kuma sukan buɗe asusun haɗaka, inda dubban mutane ke tara kuɗinsu wuri guda, gwani ya saya musu hannun jari iri-iri, a raba riba da hasara gwargwadon abin da kowa ya zuba, shi kuma a biya shi ladansa. A taƙaice dai, sana'a ce ta riƙon amana, domin abin da ke hannunsa guminsu ne, kuɗin karatun 'ya'yansu ne, abincin tsufansu ne.

Mutanen biyu da zan ba ku labarinsu duka sun yi wannan harka ta kuɗi, duka baƙaƙen fata ne 'yan birnin Shikago na ƙasar Amurka, duka sun buga ƙwallon kwando a Jami'ar Princeton a hannun koci ɗaya, kuma duka daga bisani zuciyarsu ta karkata ga horar da matasa. Na farko shi ne John Rogers, wanda aka haifa a 1958. Na biyu shi ne Craig Robinson, wanda aka haifa a 1962, yayan Michelle Obama, matar tsohon shugaban Amurka.

Uba biyu, darasi ɗaya

Gidajen da suka fito ba iri ɗaya ba ne. Mahaifin Rogers yana cikin baƙaƙen fata matuƙa jiragen yaƙi da aka horar a Tuskegee lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya karanta shari'a har ya zama alƙali. Mahaifiyarsa, Jewel Lafontant, ita ce baƙar fata mace ta farko da ta gama makarantar koyon shari'a ta Jami'ar Shikago, a 1946. Iyayen sun rabu tun yana ƙarami, amma uban bai saki tarbiyyarsa ba. Tun yaron yana shekara 12, duk ranar zagayowar haihuwarsa da ranar Kirsimeti, maimakon kayan wasa sai uban ya saya masa hannun jari na wani kamfani. Ku yi tunanin ɗan shekara 12 ya buɗe ambulan yana sa ran abin wasa, ya tarar da takarda. Amma da ribar ta fara zuwa da sunansa, sai yaron ya soma karanta rahotannin kamfanonin, yana so ya san me suke sayarwa, me ya sa riba ta ƙaru ko ta ragu. Har wa yau, ko da yake gidansu akwai rufin asiri, da ya zama saurayi sai da ya yi tallan lemo da gyaɗa ga 'yan kallo a filin wasa na Wrigley, domin ya san yadda ake samo sisin kwabo.

Mahaifin Robinson kuwa, Fraser Robinson, ma'aikaci ne a gidan ruwa na birnin, yana kula da injinan turo ruwa. Shi da matarsa Marian da 'ya'yansu biyu suna zaune ne a ɗan ƙaramin sashe a saman benen wata 'yar'uwarsu, a kudancin Shikago. Yana fama da wata cuta ta jijiyoyi mai cin ƙarfin gaɓoɓi sannu a hankali, ya fara dogara sanda ɗaya, ya koma biyu, amma da ƙyar ake samun ranar da bai je aiki ba. Craig ya ba da labari cewa wata rana yana yaro ya tambayi uban ko su masu kuɗi ne. Uban bai yi masa tsawa ba. Da aka yi albashi sai ya zo da shi tsaba ya baje a gaban yaron, yaro ya ga kuɗi tuli ya yi murna. Sa'an nan uban ya ɗauko takardun biyan bukatun gida ɗaya bayan ɗaya, na haya, na wuta, na abinci, yana ware wa kowanne nasa, har abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Bayan shekaru, da lokacin shiga jami'a ya zo, waɗansu jami'o'i suka yi wa Craig tayin karatu kyauta saboda ƙwallo, Princeton kuwa ba ta ba da irin wannan gurbi don wasa. Yaron ya so ya zaɓi mai araha don ya sauƙaƙa wa gida, uban ya ce kada ya kuskura ya zaɓi makaranta saboda tsoron kuɗi. Haka ya riƙa biyan kasonsa a kan kari, in kuɗi sun gaza ya ciwo bashi.

To, 'yan'uwa, ku lura. Ɗaya alƙali ne, ɗaya mai gadin inji ne, amma abu ɗaya suka yi: sun ɗauki 'ya'yansu a matsayin masu hankali, sun buɗe musu sirrin kuɗi tun suna ƙanana. Mu kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma galibi idan mun faɗi haka ladabi da biyayya muke nufi, ba mu cika sa lissafin aljihu a ciki ba.

Makarantar Pete Carril

Wanda ya haɗa su shi ne kocinsu, Pete Carril, wanda ya horar da ƙungiyar Princeton daga 1967 zuwa 1996, ya rasu a 2022. Rogers ne kyaftin a shekararsa ta ƙarshe, 1979 zuwa 1980, shekarar da Robinson ya shigo a matsayin sabon ɗalibi. Ƙwallon kwando wasa ne na mutum biyar-biyar, kuma a Amurka manyan jami'o'i kan kwashe dogayen samari masu tsalle da gudu. Carril ya san ba zai samu irin waɗannan ba, saboda haka ya gina salon wasansa a kan haƙuri. 'Yan wasansa ba sa gaggawar jifa. Sai su yi ta miƙa wa juna ƙwallo, kowa yana motsi, suna jira har sai wani daga cikin abokan karawa ya gaji ko ya shagala, sa'an nan ɗayansu ya sulale ta bayansa zuwa gindin kwando, a cilla masa, ya jefa cikin sauƙi. Wanda ya ɗauki ƙwallo don a tafa masa, alhali ga ɗan'uwansa a wuri mafi kyau, ya san zai sha faɗa. Da irin wannan salo ne, a 1996, Princeton ta doke jami'ar UCLA, wadda ke riƙe da kambun ƙasa a lokacin, da ci 43 da 41, kuma ƙwallon da ya raba gardamar ta bayan mai tsaro aka sulale aka jefa shi.

Rogers ba wani gwanin ɗan wasa ba ne, shi kansa yakan ba da labarin yadda Carril ke yi masa faɗa cewa ba ya ganin fili. Amma ya sha faɗin cewa darasin da ya fi amfanarsa a rayuwa a wurin wannan koci ya samo shi, watau mutum ya fara tunanin 'yan'uwansa kafin kansa. Robinson kuwa gwani ne na gaske, sau biyu ana zaɓensa gwarzon shekara a gasar jami'o'in da Princeton ke ciki, a 1982 da 1983.

Wanda ya zauna a kasuwa

Da Rogers ya gama digirinsa na tattalin arziki a 1980, ya koma Shikago ya yi dillancin hannun jari a kamfanin William Blair na shekara biyu da 'yan watanni. A 1983, yana ɗan shekara 24, ya buɗe nasa kamfanin mai suna Ariel, da jarin da 'yan'uwa da abokan arziki suka tara masa. A wancan zamani baƙar fata da ke juya wa manyan hukumomi kuɗi ana iya ƙirga su da yatsu. Alamar da ya zaɓa wa kamfanin ita ce kunkuru, daga tsohuwar tatsuniyar nan ta tseren kunkuru da zomo, takensa kuma daidai yake da karin maganarmu, sannu ba ta hana zuwa. Hanyarsa ita ce ya nemi ƙanana da matsakaitan kamfanoni masu ƙwari waɗanda kasuwa ta raina, ya binciki littattafansu da shugabanninsu, ya saya da araha, ya riƙe shekara da shekaru har darajarsu ta fito. In kun lura, salon Carril ne aka ɗauko daga fili aka kai kasuwa: kada ka jefa don kowa yana ihu, jira sai dama mai kyau ta zo.

Faɗin haka da baki sauƙi gare shi. Sau uku aka jarraba shi jarrabawa mai tsanani. Ran 19 ga Oktoba, 1987, kasuwar hannun jari ta Amurka ta faɗi da fiye da kashi 22 cikin ɗari a yini ɗaya. Mutane suna ta rige-rigen sayarwa, shi kuwa ya ga araha ce ta samu, ya shiga saye. A ƙarshen shekarun 1990 kuma aka yi haukan kamfanonin intanet, farashinsu yana ta hawa ko da ba su taɓa cin ribar kwabo ba. Rogers ya ƙi saye, domin bai ga abin da ke riƙe da farashin ba. Asusunsa ya koma baya, waɗansu masu ajiya suka kwashe kuɗinsu suna ganin ya tsufa da wuri. A shekarar 2000 kumfar ta fashe, waɗanda suka zauna da shi suka tsira. Ta uku ita ce mafi muni. A rikicin tattalin arziki na 2008 babban asusun Ariel ya zubar da kusan rabin darajarsa. Wannan hasara ce ta gaske, ta mutanen gaske, kuma shi kansa bai ce ba a yi kuskure ba. Amma bai gudu ba, bai sauya hanya ba, a 2009 asusun ya farfaɗo da fiye da kashi 60 cikin ɗari. Ga masu lissafi a cikinmu, kun san wanda ya rasa rabi sai ya ninka kafin ya koma inda yake, saboda haka ko wannan farfaɗowa ba ta cike gurbin a shekara ɗaya ba. Wanda ya firgita ya sayar a tsakiyar faɗuwa kuwa, ko wannan bai samu ba. Kamfanin ya ci gaba har ya kai ga juya biliyoyin daloli.

Yanzu ga inda labarin ya dawo kan yara. Rogers bai manta da ambulan ɗin mahaifinsa ba, kuma ya san yawancin yaran baƙaƙen fata a kudancin Shikago ba su da uban da zai ba su irinta. A 1991 kamfaninsa ya ɗauki nauyin wani aji guda na yara kimanin 40 a wata firamare ta unguwar talakawa, da alkawarin taimaka musu har jami'a. Wanda ya sa ya kula da shirin abokin ƙwallonsa ne, Arne Duncan, wanda daga baya ya zama ministan ilimi na Amurka a 2009. A 1996 suka buɗe makarantar gwamnati mai suna Ariel Community Academy, inda aka shigo da wani tsari mai ban sha'awa. Kowane sabon aji ɗaya akan ware masa dala 20,000 na gaske a zuba a hannun jari. Tun yaran suna ƙanana ana koya musu abin da ake yi da kuɗin, da suka kai manyan azuzuwa sai a sa su cikin masu zaɓen kamfanonin da za a saya. Ranar da suka gama aji takwas, sai a mayar da ainihin dala 20,000 ɗin ga sabon aji ɗaya mai shigowa, ribar kuma a raba, wani kaso su yi wa makaranta ko al'umma alheri da shi, sauran a raba musu, ana ƙarfafa musu gwiwa su ajiye don karatun gaba. Ku dubi hikimar da ke ciki. Yaro ya koyi jira na shekara takwas, ya koyi cewa uwar kuɗi amana ce ta ƙannensa, ya koyi cewa a cikin riba akwai rabon jama'a.

Horarwarsa ba ta tsaya kan 'yan firamare ba. Wata ɗaliba daga Princeton, Mellody Hobson, 'yar Shikago da ta taso cikin rashi, ta zo kamfanin koyon aiki, ta kama aiki sosai a 1991. Ya ja ta a jiki yana koya mata, a 2000 ta zama shugabar gudanarwa, a 2019 kuma suka zama su biyu ke riƙe da ragamar kamfanin kafaɗa da kafaɗa. Ƙwallo ma bai bar ta ba. A 2003, yana ɗan shekara 45, a wani sansanin wasa a Las Vegas, ya kara da Michael Jordan mutum da mutum, wanda ya fara jefa uku ya ci, ya kuwa doke shi 3 da 2. Ashe kunkuru ma yana da ranarsa.

Wanda ya bar kasuwa

Robinson ya bi wata hanya dabam. A 1983 ƙungiyar Philadelphia ta zaɓe shi, amma bai samu gurbi a babbar gasar Amurka ba, sai ya tafi Ingila ya buga wa wata ƙungiya a Manchester kaka biyu. Da ya dawo ya shiga harkar kuɗi, ya yi digiri na biyu a fannin kasuwanci a Jami'ar Shikago a 1992, ya zama dillalin takardun lamuni. Ya kai muƙamin mataimakin shugaba a kamfanin Morgan Stanley, daga nan ya zama ɗaya daga cikin manyan kamfanin Loop Capital. Ɗan mai gadin inji ya samu gida, ya samu motoci, ya samu duk abin da mahaifinsa bai taɓa mallaka ba. Mahaifin kuwa ya rasu a 1991.

Duk da haka, zuciyarsa tana fili. Tun a ƙarshen shekarun 1980 yana taimaka wa kocin wata kwaleji a Shikago bayan ya tashi daga ofis, daga baya kuma ya horar da yaran wata makarantar sakandare. A shekarar 2000, Bill Carmody, wanda ya daɗe yana mataimakin Carril, ya karɓi ƙungiyar Jami'ar Northwestern, ya yi masa tayin zama mataimakinsa. Robinson yana ɗan shekara 38, yana da 'ya'ya biyu, aurensa na fari yana tangal-tangal, albashin da aka yi masa tayi kuwa ɗan ƙaramin yanki ne na abin da yake samu. Ya ajiye aikin kuɗi ya karɓa. Shekara shida yana mataimaki. A 2006 ya zama babban koci a Jami'ar Brown, a kakarsa ta biyu suka ci wasa 19, abin da jami'ar ba ta taɓa yi ba kafin nan. A 2008 ya koma Jami'ar Jihar Oregon, wadda a kakar da ta gabata ta buga wasa 18 a rukuninta ba ta ci ko ɗaya ba, a shekararsa ta farko suka ɗauki kofin wata ƙaramar gasa ta ƙarshen kaka.

A gidansu an ɗauki fili a matsayin madubin hali. Mahaifinsu yakan ce ana gane mutum ta yadda yake wasa. Shi ya sa da Barack Obama ya fara neman Michelle, ta roƙi yayanta ya kai shi fili ya gwada shi. Craig ya dawo ya ba da rahoto cewa saurayin ba mai son kai ba ne da ƙwallo, kuma ba matsoraci ba ne. A 2010 ya rubuta littafi a kan wannan ra'ayi, cewa wasa makarantar hali ce. A 2020 aka naɗa shi babban daraktan ƙungiyar masu horar da ƙwallon kwando ta Amurka.

Inda labarin bai yi daɗi ba

Na san akwai mai cewa a ransa, "Malam, ai haƙuri da sauƙi ga ɗan alƙali, barin aiki kuma da sauƙi ga wanda ya riga ya tara." Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan kauce mata ba. Rogers ya samu 'yan'uwa masu abin hannu da suka ba shi jari, abin da yawancinmu ba mu da shi. Robinson bai zama zakara ba, bai taɓa kai Oregon babbar gasar ƙasa ba, wasannin da ya sha kashi sun fi waɗanda ya ci, a 2014 kuma aka sallame shi. Dukansu biyu aurensu na fari bai ɗore ba, wanda ke nuna mana cewa iya riƙon dukiyar mutane da iya horar da 'ya'yan mutane ba su ne iya riƙon gida ba, kowanne yana bukatar nasa lokaci da nasa haƙuri. Bugu da ƙari, ƙasarmu ba Amurka ba ce. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, wanda ya ajiye kuɗi a ƙarƙashin katifa yana haƙuri, asara yake yi yana barci.

Amma fa ku lura, haƙurin da nake magana a kai ba na naɗe hannu ba ne. 'Yan wasan Carril ba tsayawa suke yi ba, motsi suke yi ba hutawa, jifan banza ne kawai ba sa yi. Kuma darasin da ya fi ƙarfi a duk labarin nan ba daga gidan alƙali ya fito ba, daga gidan mai sanda biyu ya fito, wanda bai mallaki hannun jari ba, amma ya baje albashinsa a gaban ɗansa. Wannan kowa yana iya yi.

Abin da ya shafe mu

Yayyenmu ma'aikata, ko kun sani ko ba ku sani ba, yawancinku kuna da mai juya muku kuɗi. Tun dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ma'aikacin da ke ƙarƙashin tsarin ana cire masa aƙalla kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a miƙa wa kamfanin kula da fansho ya juya. Mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa zama ya karanta takardar bayanin asusunsa? Wanda bai san inda kashi 18 na guminsa yake kwana ba, shi ne wanda mai daɗin baki zai samu a sauƙaƙe ranar ritaya.

Mun kuma ga abin da gaggawa ta jawo. A 2016 shirin MMM ya yi wa 'yan Nijeriya alkawarin kashi 30 cikin ɗari kowane wata, a watan Disamba na shekarar ya rufe asusun mutane. Da an koya mana lissafi irin na yaran Ariel, da mun ɗauki alƙalami mun gwada. Naira 100,000 da ke ƙaruwa da kashi 30 kowane wata za ta haura naira miliyan 2 a shekara ɗaya, a shekara uku kuma ta haura naira biliyan 1. Wace gona ce, wace masana'anta ce ke haifar da haka? Jari na gaskiya da ke ƙaruwa da kashi 10 a shekara sai ya yi wajen shekara bakwai kafin ya ninka. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Duk wanda ya zo muku da harkar zuba jari, ku tambaye shi abu uku: shin yana da rajista da hukumar kula da hannun jari ta ƙasa, me za a saya da kuɗin, kuma shi nawa ne ladansa. In ya fara kame-kame, ku riƙe aljihunku.

Mu kuma ɗalibai, ba sai mun tara dala 20,000 ba kafin mu fara. A kowace unguwa akwai fili mai ƙura inda yara ke buga ƙwallo da yamma, babu babba ko ɗaya a kansu. Wanda ya ba su yamma biyu a mako, ya koya musu miƙa wa ɗan'uwa, da zuwa a kan lokaci, da karɓar kaye ba tare da dambe ba, ya fara aikin Carril. In ya sa suka riƙa tara ɗan abin da suke samu don sayen ƙwallo da riguna, ya naɗa ɗayansu ma'aji, ya sa ana karanta lissafi a gaban kowa duk ƙarshen wata, ya fara aikin Rogers. In kuma ya koma gida ya zaunar da ƙaninsa ya nuna masa yadda alawus ɗinsa ke shiga da yadda yake fita, ya yi abin da Fraser Robinson ya yi.

Ba da daɗewa ba za mu fita daga nan, mu yi bautar ƙasa, mu shiga ofisoshi, waɗansunmu a damƙa musu baitulmali, waɗansu a damƙa musu aji, dukanmu kuma in rai ya kai a damƙa mana iyali. Za a zo mana da gajerun hanyoyi, za a ce kowa ma haka yake yi. A ranar nan nake fata mu tuna da mutumin da ya ƙi sayen abin da bai gane ba ko da ana yi masa dariya, da mutumin da ya bar babban albashi don ya tsaya a bakin fili da usur a wuya. Kawuna ya riga ya yi tasa hasarar, ba ta dawowa. Amma yana da jikoki, kuma a hutun da ya wuce na fara zama da su da littafi da fensir.

Shugaban taro, a nan zan dakata.